Murya zalla: littafin aikin kwayarmu a Jos

Asabar, 4 ga Oktoba

Dattawan ikilisiya sun amince. Daga yau zuwa sujadar waƙoƙin Kirsimeti, Lahadi 21 ga Disamba, kwayarmu za ta shirya waƙoƙi uku da za ta rera da murya zalla, babu kibod, babu ganga. Hujjar da ta fi shiga kunnen dattawa ita ce kuɗin fetur da ake ƙonawa a ranakun koyon waƙa. Tawa damuwar daban ce. Duk ranar da aka ɗauke wuta muna tsakiyar waƙa mukan ci gaba da ƙarfin hali, amma da an tada janareta kibod ya dawo, sai ka ji shi a sama mu a ƙasa, jama'a na kallon juna. Wannan ba matsalar maƙogwaro ba ce, ta kunne ce, kuma kunne yana koyuwa.

Mu 26 ne: murya ta ɗaya mutum 9, ta biyu 7, ta uku 4, bes (murya mafi zurfi) 6.

Na fara da awo, don kada mu ɓata lokaci a kan gardamar an sauka ko ba a sauka ba. Mai kibod ya ba mu sautin da ake kira G a matsayin do, wato tushen do-re-mi, ya kashe. Muka rera baiti huɗu na waƙar shiga, muka tsaya a kan do na ƙarshe muka riƙe, ya kunna. F muke kai, sautin da ke mataki guda ƙasa da G. Mataki guda cur muka zame a cikin ƙasa da minti huɗu, kuma da na tambayi wa ya ji muna sauka, babu wanda ya ɗaga hannu sai yarinya guda a murya ta biyu. 'Yan bes dai sun ce baiti na ƙarshe ya yi musu zurfi, ba su san dalili ba.

Kuɗi: hoton takardun waƙa, N3,900.

Talata, 7 ga Oktoba

Numfashi kawai muka yi. Hannu a kan haƙarƙari, a shaƙa ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba, a saki a hankali da "sss". Daga nan kowace murya ta riƙe sauti ɗaya ina duba manhajar awon sauti a waya. Kusan kowa yana farawa daidai, wajen daƙiƙa ta shida iska ta fara ƙarewa, allurar manhajar ta karkata hagu, alamar sauti ya sauka.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yarinyar nan da ta ɗaga hannu, shekarunta 15. Yau mai kibod ya danna maɓallin nan da ke sauke waƙa ba tare da ya sauya yatsu ba, bai gaya wa kowa ba. Kafin mu buɗe baki ta ce, "Malam, yau ba a wurinta take ba, an sauke ta rabin mataki." Na sa ta juya baya, aka riƙa taɓa sauti ɗai-ɗai, sama da ƙasa, baƙaƙen maɓallan kibod da farare. Tana faɗin sunayensu tun kafin a ɗaga yatsa. Ta ce tun tana shekara 5 take wasa da ɗan ƙaramin kibod na mahaifinta mai haruffa a jiki, kuma ta ɗauka kowa haka yake ji.

Ba kowa ba ne. Kunne iri biyu ne a harkar nan. Akwai irin nata, tsayayyen kunne, wanda ke gane sauti da sunansa ba tare da an ba shi abin gwadawa ba. Akwai kuma kunnen tazara: a ba ka do, ka san inda mi yake, ka san inda so yake, ko daga ina aka fara. Na farkon ba ya da yawa, kuma galibi a wurin waɗanda suka fara kiɗa tun suna ƙanana ake samunsa. Diana Deutsch ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta wallafa wani bincike a 2006, inda ta gwada ɗaliban babbar makarantar kiɗa ta Beijing da na makarantar Eastman a Amurka. A cikin waɗanda suka fara koyo suna shekara 4 zuwa 5, kusan kashi 60 cikin 100 na ɗaliban Beijing suna da tsayayyen kunne, na Amurka kuwa kusan kashi 14. Ita ta danganta bambancin da cewa harshen Mandarin yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya.

Hausa ma haka take, kuma a nan na tsaya na yi wa 'yan kwaya bayani, don na ga wasu sun fara karaya, suna cewa ai baiwa ce, su ba a ba su ba. Ƙaramin yaro da dattijo suna faɗin kalma ɗaya, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, kuma ba ka taɓa rikicewa, domin tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin kake ji. Da wannan kunnen ne mutum yake gane kirarinsa a bakin kalangu. Shi kwaya take buƙata, kuma duk wanda ke ɗakin nan ya shigo da shi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na saurari abin da na ɗauka a waya makon jiya, layi-layi, na gano inda ramin yake. Ba ko'ina muke zamewa ba. Wuri biyu ne: daga ti zuwa do, da kuma daga fa zuwa mi. Ti ɗinmu ragon ti ne, ba ya hawa ya manne da do, sai do ɗin da ke biye ya sauko ya same shi. Idan kuma layi yana gangarowa, so fa mi re do, kowane taku muna yin sa da faɗi fiye da kima. Kaɗan-kaɗan ne, amma baiti huɗu ya isa ya tara mataki.

Abin bai ba ni mamaki ba. Waƙoƙin zumuntar mata da muka tashi da su, da na gargajiya da yawa a nan Filato, a kan sauti biyar suke yawo: do, re, mi, so, la. Babu fa, babu ti, wato babu rabin mataki. Iyayenmu mata suna rera su da tulu da caki har a tashi, ba ka jin sun karkace. Waƙoƙin murya huɗu da mishan suka kawo su ne ke cike da rabin mataki, kuma shekara da shekaru kibod ne yake ɗauke mana nauyinsa.

Na dawo da alamun hannu na John Curwen, limamin nan na Ingila da ya yaɗa tsarin do-re-mi da muke karantawa tun daga shekarun 1840, bisa aikin Sarah Glover ta garin Norwich. Do dunƙulen hannu, mi tafin hannu a kwance, fa yatsa yana nuni ƙasa, ti yatsa yana nuni sama. Hannun da kansa yana faɗa maka inda sautin yake son zuwa. Ƙa'idar da na rubuta a allo: in za a hau, a yi taku mai faɗi, in za a sauka, a yi ƙarami.

Talata, 21 ga Oktoba

Ruwan ƙarshen damina a kan kwano, ba ma jin juna. Mutum 11 suka zo. Alamun hannu muka maimaita muka tashi.

Talata, 28 ga Oktoba

Ƙarfen sauti ya iso daga Legas, N8,500 har da kuɗin mota, na karɓo a tasha. Ɗan ƙarfe ne mai ƙafa biyu, ka buga a gwiwa ka kai kunne ya ba ka A, girgiza 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka amince da shi a taron Landan na 1939. Wani mabushin kakaki na fadar Ingila, John Shore, shi ya ƙirƙiro shi a 1711, kuma har yau ba ya neman batir ko caji. Na fi son sa a kan waya don yana tilasta mini aiki da kunnen tazara a gaban jama'a. Idan do F ne, A shi ne mi, sai in gangara mi re do. Idan G ne, A shi ne re, taku ɗaya ƙasa. Shugaban kowace murya zai koyi wannan kafin ƙarshen Nuwamba.

Awon yau: rabin mataki muka sauka.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ranar ba ta yi daɗi ba.

Tun da aka san abin da yarinyar nan take da shi, 'yan murya ta biyu suka mai da ita kibod ɗinsu. A waƙa ta biyu, wajen baiti na uku, sauran muryoyi uku sun ɗan sauka gaba ɗaya, kuma da an bar su haka da jituwar ba ta lalace ba, tunda tare suka sauka. Ita kuwa ta tsaya a inda aka fara, ta ƙara ƙarfi don ta jawo mu, mutum uku na kusa da ita suka bi ta, sauran suka bi kwaya. Murya ta biyu ta rabu gida biyu, tsakaninsu bai kai rabin mataki ba, kuma babu abin da ya kai irin wannan tazarar zafi a kunne. Na tsayar da waƙar. Wata ta ce yarinyar ce take ɓata musu, ita kuma ta fashe da kuka, ta ce ita ce a daidai.

Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar ba ta taimaki waƙar ba. Bayan an tashi na zauna da ita da mahaifiyarta a bakin majami'a. Ta ce, "Malam, idan kuka sauka ji nake kamar wata waƙa ce daban, takardar tana faɗin abu ɗaya, kunnena yana faɗin wani." Na ce, "'Yata, na yarda. Amma a kwaya do shi ne inda 'yan'uwanki suke tsaye a wannan lokacin. In mun sauka ki sauka tare da mu, in an gama ki faɗa mini ko nawa ne." Ta ce ba ta iyawa. Abin da ya zama wa saura sauƙi, wato a fara waƙa daga ko'ina, shi ne nata wahalar, kuma wannan sananne ne ga masu irin kunnenta.

Aikin gida da na ba ta: waƙa ɗaya, ta rera ta da do-re-mi daga C, sannan daga D, sannan daga E, ba tare da ta ambaci harafi ko a zuci ba. Na kuma hana kowa juyawa ya dube ta ana cikin waƙa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Bibbiyu muka yi. Mutum biyu su riƙe sauti ɗaya. In akwai ɗan bambanci za a ji wani kaɗawa, wau-wau-wau, yana raguwa yayin da suke matsowa, har ya ɗauke. Bambancin girgiza 2 a daƙiƙa yana ba da kaɗawa 2 a daƙiƙa. Baba, babbanmu a bes, da ya ji ya ɗauke tsakaninsa da jikansa sai ya ce, "Malam, ashe wannan ne daidai ɗin da kake ta faɗa."

Asabar, 15 ga Nuwamba

Karo na farko muka gama waƙar shiga ba mu sauka ba. Har ma mun ɗan haura: manhajar tana raba rabin mataki gida 100, ana ce wa kowane gida sent, kuma mun ƙare da sent 30 a saman G. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Yarinyar nan ta jira aka lafa, ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, janaretan mai aski ne ya riƙe mu."

Na fita na saurara. Shagon yana jikin katangar majami'a, kuma ba a kawo wuta ba tun safe. Irin waɗannan ƙananan janaretoci ana saita su su juya sau 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa, daidai da wutar ƙasar nan. G na can ƙasa girgiza 49 ne. Ke nan gurnanin janaretan G ne da ya ɗan haura, daidai inda muka ƙare. 'Yan bes sun jingina da shi ba su sani ba, kowa kuma ya jingina da bes.

Shaidar ta fito a waƙa ta uku, wadda do ɗinta F ne. Nan gurnanin ya zama abokin gaba: bes suna neman F, G yana shigowa ta taga, suka yi ta lilo a tsakani har muka bari. Murnar ta koma ciki, kuma na ga ran wasu ya ɓaci. Ni dai na gode da aka gano yanzu. Ranar 21 ga Disamba babu wanda zai ba mu tabbacin me zai riƙa ƙara a unguwa.

Mun roƙi ajin makarantar Lahadi da ke bayan gidan Fasto, can nesa da titi. Babu kuɗin haya, sai ƙwan fitila mai caji da na saya, N6,000.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Sabon ɗaki, sabon tsari. Mun bar layi-layi, muka yi da'ira, na cakuɗa muryoyi yadda kowa zai ji wata murya a damansa, wata a hagunsa. Da farko sun tsorata, daga baya sauti ya haɗu fiye da yadda na taɓa ji a wurinmu.

Gardama ta tashi da mai kibod. Tun da aka fara aikin nan yake jin an ajiye shi gefe, shi ya sa na ba shi riƙon waya da rubuta awo. A sautin ƙarshe na waƙa ta biyu, do mi so, ɗakin ya yi tsit don daɗi, shi kuwa ya ɗaga waya ya ce murya ta uku sun sauka da sent 14. Na ce masa, "Ƙanena, wayar ba ta yi ƙarya ba, su ma ba su yi kuskure ba." Kibod ya raba tazarar do zuwa do na sama gida 12 daidai wa daida don a iya kiɗa daga kowane harafi, saboda haka mi ɗinsa sent 400 ne daga do. Mi ɗin da ke kwanciya lafiya a kan do, wanda girgizarsa take 5 a kan 4, sent 386 ne. Muryoyin da ke sauraron juna can suke nufa da kansu. Na sa ya danna do da mi a kibod ya saurari kaɗawar, sannan mutum biyu suka rera, kaɗawar babu. Ya yi shiru, ya ce a sake.

Sai dai abin yana da iyaka. Mi mai kwanciya na wurin da aka tsaya aka riƙe ne. Idan wani ya ɗauki wannan mi ɗin ya gina layi na gaba a kansa, ya buɗe wata ƙofar zamewa. Shi ya sa bes da do su ne turke, ba sa motsi.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka. Hazo, ƙura, mura. Biyar daga murya ta ɗaya muryarsu ta dishe. Citta, zuma da lemun tsami, N4,200, da fulas biyu na ruwan ɗumi daga gidan Mama shugabar zumunta. Na hana ƙwaƙular maƙogwaro da ihu a filin ƙwallo. Minti 15 na farko rera sauti baki rufe kawai muke yi, "mmm", kafin a buɗe.

Lahadi, 7 ga Disamba

Gwaji a gaban jama'a, sujadar safe, sanyin Jos yana ratsa rigar sanyi. Waƙa ta uku muka zaɓa da gangan don ita ce mai wuya: tafiyarta a hankali, layukanta masu gangarowa, kuma akwai wurin da bes suke rera layi biyu su kaɗai kafin sauran su shigo.

Baiti na farko lafiya. A na biyu jama'a suka fara bi ƙasa-ƙasa, suna jan ta, mu ma muka rage gudu. Da gudu ya ragu numfashi ya daina kai wa ƙarshen layi. Da aka zo wurin bes su kaɗai, mutum shida a cikin babban ɗaki mai sanyi, suka gangara da taku mai faɗi. Murya ta ɗaya ba su ɗauki do daga bes ba, suka shigo da wanda ke kansu tun farko. Daƙiƙa kamar biyar aka yi ana neman juna a fili, kowa yana ji. Mun haɗu daga baya, muka ƙare fiye da rabin mataki a ƙasa.

Abu ɗaya ya faranta mini rai a ciki: yarinyar nan ta sauka tare da mu, ba ta ja ba. Da muka fito ta ce, "Sent kamar 130, Malam." Mai kibod ya duba abin da ya ɗauka, bai yi nisa da haka ba.

Mama ta same ni a waje ta ce, "Malam, ku ɗaga ƙafa. Waƙar farin ciki ce, me ya sa kuke jan ta?" Na karɓi shawarar. Na ƙara da tawa: za mu ɗaga waƙar rabin mataki, daga F zuwa baƙin da ke samansa. Masu koyar da kwaya sun daɗe da sanin cewa waƙar da ta saba nutsewa a wani gurbi takan farfaɗo in an ɗan ɗaga ta, don maƙogwaro ya bar ramin da ya saba faɗawa. Samo wannan do ɗin daga ƙarfen A yana da wuya a gaban jama'a, saboda haka yarinyar ce za ta ba da shi baki rufe, sannan ta saki.

Asabar, 13 ga Disamba

Na ce su fara waƙar shiga ba tare da na ba da do ba. Suka fara, na buga ƙarfe na gwada: G, saura kaɗan. Ba tsayayyen kunne suka samu ba, jiki ne ya riƙe wurin da aka saba. Daniel Levitin ya nuna haka a 1994, lokacin da ya sa ɗalibai su rera waƙoƙin da suka fi so da ka, da yawansu suka fara a kan ainihin sautin ko kusa da shi. Yarinyar ta ce ladanin masallacin layinsu ma kusan kullum daga wuri ɗaya muryarsa take tashi da asuba. Daga yau ba za a sake sauya do na kowace waƙa ba.

Litinin, 22 ga Disamba

Awon jiya, daga rikodin mai kibod: waƙar shiga, sent 10 ƙasa. Ta biyu, 25 ƙasa. Ta uku, 45 ƙasa, kuma shigar murya ta ɗaya bayan bes ta yi tsabta, don sun jira sun saurara. Murya ta uku har yanzu ti ɗinsu yana kwanciya a baiti na ƙarshe, kuma mutum huɗu sun yi kaɗan a gaban bes shida.

Jimillar kuɗi N22,600, ma'aji ya mayar mini. Hutu sai 10 ga Janairu. In Allah ya kai mu, za mu nemo mutum biyu zuwa murya ta uku daga cikin matasa, mu fara waƙar Ista mai sauya do a tsakiya, kuma mai kibod ya nemi ya shiga bes ranakun Talata. Shugabannin muryoyi biyu ba su iya samo do daga ƙarfe ba tukuna. Da su za a fara.